Yadda Za Ki Mai da Babanki Mugun Alƙali a Littafi Ba Tare da Ya Gane Ba

'Yar'uwa, idan kina da uban da kika shekara da shekaru kina jiran yabonsa bai zo ba, kuma kina da alƙalami, to kakarki ta yanke saƙa. Ki bi matakan nan daki-daki, na yi miki alkawari za ki rubuta littafin tarihi mai sa tsigar jiki ta tashi, matasa su karanta a ɓoye ƙarƙashin tebur, manya su karanta suna cewa duba wa yara suke yi. Za ki huce haushin da kika tara tun kina firamare, tsohon kuwa ya ci gaba da sa miki albarka, bai san hawa ba bai san sauka ba. Ni ban taɓa rubuta littafi ba, gaskiya ne, amma ungozoma ma ai ba ita ke haihuwar ba. Na gwada hanyar a kan wata ɗalibata mai shagon tabarau, wadda a gidansu ake kira Auta, kuma da ita zan riƙa ba ki misali.

Mataki na 1: Nemo abin da ke ci miki rai

Ba a rubuta littafi mai duhu da farar zuciya. Ki zauna ki tuno.

Baban Auta a maɗaba'a ya yi aikinsa har ya ajiye, shi ne shugaban masu duba kurakurai kafin a buga. Unguwa ta sa masa suna Jan Biro, don ko katin gayyata ka miƙa masa sai ya dawo maka da shi da jan zane. Bai taɓa dukan Auta ba, bai taɓa zaginta ba, wannan kuwa babban cikas ne ga marubuciya. Amma yana da wasu kalmomi biyu. Ranar da ta zo ta ɗaya a aji, ya riƙe takardar ya duba ta sama da ƙasa, ya juya bayanta, ya ce ba laifi. Ranar da ta gama karatun duba ido, ba laifi. Ranar da ta buɗe shago, ya tsaya a tsakiyar titi yana karanta allon harafi-harafi, motoci na ta danna masa hon, sannan ya shigo ya ce ba laifi. Abin da ya fi ƙona mata rai, idan 'yar maƙwabta ta kawo zanen kyanwa mai kama da buhu, ko kallon kirki ba ya yi zai ce ya yi kyau, madalla.

Wannan shi ne jarinki. Kada ki kai shi wurin ƙawa ta ba ki haƙuri, kada ki tambayi tsohon abin da yake nufi. Wadda ta yi tambaya ta sami amsa, wadda ta sami amsa kuwa ta rasa littafi.

Mataki na 2: Tura shi can baya, inda ba lantarki

Kada ki kuskura ki sa labarin a zamaninmu. Ki mayar da shi shekaru ɗaruruwa baya, cikin wani gari mai ganuwa wanda ba ki ba shi suna ba. Amfanin tarihi biyu ne: duhu kyauta ne, kuma matattu ba sa kai ƙara. Idan wani malamin jami'a ya tambaye ki inda kika samo bayananki, ki ce daga bakin tsofaffi, ki sunkuyar da kai ki ƙara da cewa duk sun rasu.

Sai ki ba tsohon aiki. Auta ta naɗa nata alƙalin garin, ta haƙa masa busasshiyar rijiya a bayan kotu. Dole ki tanadi rijiya, ko kurkuku, ko aƙalla ɗakin da aka hana kowa buɗewa. Kowane babi ya ƙare da takun wani a bayan ƙofa. Ba sai kin san ko waye ba. Auta ta sa takun nan a ƙarshen babi-babi har littafin ya ƙare ba ta faɗi mai shi ba, kuma har yau masu karatu na cewa nan ne gwanintar take.

Mataki na 3: Sauya komai, ban da abin da ya kawo ki

Baban Auta gajere ne, sai ta yi alƙalin dogo. Baban ba ya barin gemu, sai ta ba alƙalin gemu har ƙirji. Jan biro ya koma alƙalamin kara da jar tawada. Na ce mata jar tawadar nan ta yi kusa da gida, ta ce ai alamar jini ce, na ce to shi ke nan.

Kalmomin biyu kuwa kada ki taɓa su. Mutum yana gane hancinsa a hoto, amma ba ya jin abin da bakinsa ya saba faɗa. Ga yadda Auta ta yi. A kawo wanda ake tuhuma, ya yi ta rantsuwa yana kuka. Alƙali ya karkata kai hagu, ya yi shiru har a ji ƙudan da ke kotun, sannan ya ce, “Ba laifi.” Fuskar bawan Allah ta washe, ya fara godiya, sai dogarai su kama hannuwansa su nufi bayan kotu da shi. Haka aka yi wa maƙeri, aka yi wa mai sayar da gishiri, aka yi wa wani marini. 'Yar marinin nan ce tauraruwar littafin, yarinya mai shuɗin hannu da ba ta mantuwa. A babin ƙarshe ta yaudari alƙalin har bakin rijiyar, ta maimaita masa kalmominsa, ta tura shi.

Auta ta gaya mini ranar da ta rubuta wannan shafin ta ci abinci har da ƙari.

Mataki na 4: Sunan aro da rubutu kamar sahun tururuwa

Ki sa sunan da ba naki ba a bango. Sannan ki je wurin mai buga littafi ki ce kina tausaya wa masu saye, a ƙanƙanta rubutun don shafuka su ragu. Zai yaba da halinki. Ke dai kin san idon tsohonki ya fara gajiya, jarida ma sai ya miƙe hannu iya tsawonsa yake ganin kanun labari.

Mataki na 5: Riƙe tabarau

Wannan matakin ba kowa Allah ya ba damar yinsa ba, amma Auta sana'arta ce. Tabaran Baba ya daina yi masa aiki, ya zo shago ta zaunar da shi a kujerar gwaji, ta nuna masa allon haruffa. Ya karanta layi biyu na sama, ya ce tazarar da ke tsakanin haruffan layi na uku ba daidai take ba, ko da yake ba ya ganin su sosai. Ta auna, ta rubuta, ta ce gilashin sai an kawo daga kamfani.

An kammala tabaran tun a makon. Ta naɗe shi a ƙyalle ta tura can ƙuryar aljihun tebur, ƙarƙashin tsofaffin firam. Duk lokacin da ya tambaya, sai ta ce kamfanin nan ba su da alkawari, shi kuma ya ce haka mutanen yanzu suke.

Zan gaya miki gaskiya, za ki ji kunya. Auta ta ji, musamman ranar da ta same shi ya kai kwalbar maganinsa bakin taga yana juya ta yana neman inda aka rubuta sau nawa ake sha. Ta karɓa ta karanta masa, ta fita tsakar gida ta daɗe tana wanke kofin da ba shi da datti. Kada wannan ya karya miki gwiwa, duk manyan marubuta da ciwon ciki suke aiki.

Abu biyu kuma kada su ɗauke miki hankali. Na farko, akwatin tarkacen tsohon, mai cike da busassun jajayen biro da tsohon madubin ƙara girman rubutu mai mariƙin ƙarfe. Tsofaffi ba sa zubar da komai, ba kuma sa amfani da komai. Na biyu, labaran maɗaba'a da yake ja a kan abinci, yadda ake duba shafi, wa ke karantawa wa ke bi. Ki riƙa gyaɗa kai kina tunanin babi na gaba, kamar yadda kika saba tun kina yarinya.

Mataki na 6: Yi hattara da yayarki

Littafin Auta ya karɓu. 'Yan makaranta na shigowa shago gwada tabarau, ɗaya ta tambayi ɗaya ko ya yi mata, ɗayar ta karkata kai ta ce ba laifi, ta nuna ƙasa da yatsa, su fashe da dariya. Auta na bayan kantar shagon tana goge gilashi, daɗi kamar ya kashe ta, tsoro kuma na taya shi.

Inda aka sami matsala, yayarta ta ari littafin a wurin aiki. Ba ta gama babin farko ba ta kira Auta a waya, dariya ta hana ta magana, da ƙyar ta iya cewa har karkata kan ma ba ki bari ba. Auta ta roƙe ta, ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Sirri a bakin yaya kuwa ruwa ne a kwando. Ba mugunta ta sa ta ba, alfahari ne: ƙanwarta ta yi littafin da gari ke magana a kai, a ce uban da ya ƙare rayuwarsa cikin takarda bai sani ba? Ta kawo kwafi gida ta ɗora masa a cinya, ta faɗi sunan marubuciyar na gaskiya, ta ɗauki jakarta ta tafi gidanta.

Baba ya juya littafin, ya shafa bangon, ya buɗe tsakiya ya shinshina takardar. Ya ce tunda kamfani bai kawo gilashi ba, mai littafin ta riƙa karanta masa da yamma in ta taso daga shago. Auta ta ce to, Baba.

Mataki na 7: Karanta da baki, gyara a hanya

Kada ki firgita, makaho bai san ana ganinsa ba, mai sauraro kuma bai san abin da ke kan takarda ba. Duk inda kalmomin nan biyu suka fito, ki musanya su. Auta ta zaɓi “to, na ji.” Jar tawada ta koma baƙa. Alƙali ya daina karkata kai hagu, ya koma shafa gemu.

Haka suka riƙa zama a baranda, shayi a kan ƙaramin tebur, ita a kan tabarma, shi a kujerarsa ta katako ya rufe ido ya karkata kai hagu. Aikin ba sauƙi: idonta na gudu layi biyu gaba da bakinta, yana neman inda aka binne nakiya. Sau da yawa yakan ce ta maimaita wani wuri, ta maimaita tana addu'ar Allah ya sa ƙaryar da ta yi ɗazu ita za ta sake yi.

Sai wani abu ya faru wanda ba ya cikin tsarina. Auta ta fara ɗokin yamma. Tun da aka haife ta ba ta taɓa zama da ubanta haka ba, shi yana saurare ita tana magana. Ya yi dariya har da tari a wurin da jakin mai gishiri ya bi dogarai da cizo. Da aka zo kan takun bayan ƙofa, sai da ya waiga ya dubi ƙofar falo. Ta fara rufe shago da wuri, ta fara karantawa a hankali don kada shafuka su ƙare. Da can tsoronta kada ya gane ya yi fushi. Yanzu tsoronta kada ya gane ya daina cewa ta zo.

Idan kin kai nan, ki sani kin fara kauce wa darasi, kuma ba ni na aike ki ba.

Mataki na 8: Babin ƙarshe, ki karanta da sauri

Shawarata ita ce ki zaɓi ranar da ake hayaniya a titi, ki bi babin a guje. Auta ba ta samu hayaniya ba, ko mai tallan ruwa bai wuce ba. Ta kai alƙali bakin rijiya, 'yar marini na bayansa da shuɗin hannunta. Duk littafin don wannan layin aka rubuta shi, ita ma ta sani. Ta karanta cewa yarinyar ta dube shi ta ce, to, na ji.

Baba ya buɗe ido.

“Koma baya, Auta. Abin da kika faɗa ba shi ne a rubuce ba.”

Ta fara cewa ai Baba ba ya gani, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da madubin nan mai mariƙin ƙarfe ya ajiye kusa da kofin shayi. Ashe tun makon farko ya gama littafin, da safe in ta tafi shago, layi-layi a bakin taga. Karatun yamma dubawa ta biyu ce. A maɗaba'a haka ake yi, ɗaya na karantawa da baki, ɗayan na bin rubutun, kuma ya sha ba su wannan labarin a kan abinci.

Ya ce ta karanta yadda ta rubuta. Ta karanta, muryarta kamar ta wadda aka kama da hannu a tukunya: “Ba laifi.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce labarin ya riƙe shi, amma akwai mutanen da ya kasa gane musu, su ne dogaran nan.

“Mutum ya saurari ƙara, ya duba sama ya duba ƙasa, ya juya bayanta, bai sami abin kamawa ba, ya ce ba laifi. Su kuma su ɗauki bawan Allah su jefa a rijiya. Wa ya aike su?”

Ya ce a wurin aikinsu kalmomin nan mai inji ke jira kafin ya kunna, kuma akan yi makonni ba su fito daga bakinsa ba, har mai maɗaba'ar ya taɓa biyo shi gida yana roƙo. Ya yi kyau kuwa, in ji shi, ta baƙi ce, ana ba wanda ba a duba aikinsa ba.

Auta ta tuna takardar da aka juya bayanta, ta tuna allon shago da motocin da ke danna hon. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta lokaci guda, don ta gane wace ce ta yi shekaru tana aikin dogari a gidan nan. Da ƙyar ta iya tambaya, littafin fa, Baba?

“Akwai laifi.”

Ya karɓi littafin, ya buɗe shafin ƙarshe ba tare da ya nema ba, ya ɗora madubin ya turo mata. A ƙarƙashin gilashin, harafin ya yi girma kamar wake: alƙali ya fada rijiya.

“Babu lanƙwasa a kan harafin. In za ki jefa ubanki a rijiya, ki jefa shi daidai.”

Sannan ya kurɓi shayinsa da ya huce, ya tambaya ko kamfanin nan sun kawo gilashi.

Mataki na 9: Akwai shi, amma ban gama tsara shi ba

Washegari da safe kamfani ya cika alkawari. Auta ta kawo tabaran ta sa masa da hannunta, ta gyara masa zaman shi a bayan kunne. Ya dubi kalandar bango, ya dubi fuskarta, ya ce ya yi kyau, madalla.

Daga ranar abin ya zama haka. Shayi ya yi kyau. Sabon labulen falo ya yi kyau. Ta sake fentin shago, ya leƙa daga cikin mota ya ce ya yi kyau. Bai yi fushi ba, bai daina gaisawa ba, albarka ma yana sa mata fiye da da. Kalmomin nan biyu ne kawai ya naɗe ya ajiye, tunda ya ga abin da suke yi wa mutane. Yayar ta ce ai ga shi ta sami abin da take nema tun tana ƙarama, Auta ta kashe wayar.

Na ba ta shawarar ta rubuta littafi na biyu ta sa yayar a ciki. Ba ta saurare ni ba. Ta koma wurin mai buga littafi, ta ce a bugu na biyu a ƙara girman rubutu, a sa sunanta na gaskiya, ta zauna da jan biro ta bi shafukan da kanta har idonta ya yi ja. Rijiyar ba ta cire ba, alƙalin ma yana nan yana faɗawa, da lanƙwasarsa. Ta kai wa Baba kwafin farko ta ajiye a kan ƙaramin tebur. Ta ga dai kullum da safe yana bakin taga da sabon tabarau, yana bin layi da yatsa.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba ta da hannu a duk abin da ya same ki. Ba ruwanta da yayar da ta kasa riƙe baki, ko tsohon da ya ƙi zubar da tarkacensa, ko mai buga littafin da injinsa ke cinye lanƙwasa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Alkawarin da aka yi a sama cewa ba zai gane ba, an yi shi ne bisa zaton ubanki ba ya duba aikinki, kuma tabbatar da hakan aikinki ne, ba nata ba.

Haka kuma ba ta da alhaki idan wata yamma kin fito baranda da tiren shayi, kika tarar ya kai shafin ƙarshe, ya duba shi sama da ƙasa, ya juya bayan bangon ya karanta har sunan maɗaba'a, ya cire tabarau ya karkata kai hagu, ya yi shiru har kika ji ƙudan da ke barandar, sannan ya ce, “Ba laifi.”

Abin da ya biyo baya ba ya cikin darasin nan. Kofunan da suka fashe naki ne, kuma ba ma raba hankici.